Kafin a Zaɓi Ciyaman: Abin da Reshen Wikipedia a Ɗorayi Zai Fara Yi

Duk wanda ya rubuta "Ɗorayi" a injin bincike na intanet, galibin abin da zai fara cin karo da shi sanarwar 'yan sanda ce: an kama 'yan daba, an yi sulhu, an sake kamawa. In ya ƙara haƙuri zai iske labarin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, Allah ya jiƙansa, wanda aka harbe a masallaci a unguwar yana limancin sallar Asuba ranar 13 ga Afrilu, 2007. Daga nan sai tallan filaye da gidajen haya. Baƙon da bai taɓa taka Kano ba zai ajiye wayarsa yana ganin ya san wurin, alhali bai ji komai ba game da gandun sarautar da unguwar ta tsiro a kansa, ko Hawan Ɗorayi da ke cikin haye-hayen Sallah, ko ma'aikatan da suka riƙa fita daga lungunanta da asuba zuwa masana'antun Sharaɗa da Challawa, wasu har Bompai a ɗaya gefen gari.

Wannan giɓi yana da magani mai arha: a samu ƙaramin rukuni na mazauna unguwar da za su riƙa rubutu a Wikipedia ta Hausa da takwarorinta a kai a kai, su zama reshe na wannan babbar gayya ta duniya. Shawara ce mai kyau, kuma ya kamata a yi. Sai dai yadda aka saba kafa ƙungiya a ƙasar nan shi ne zai kashe ta tun tana zanin goyo. Reshe irin wannan ba shi da dalilin wanzuwa sai in zai yi aikin da babu mai iya yinsa daga nesa. In abin da zai yi fassara muƙalolin Turanci ne game da garuruwan Turai, to ba a buƙatar Ɗorayi. Ɗalibi ɗaya a ɗakin kwanansa a Zariya ko Alƙahira ya isa.

Tsarin da ake son shiga ba shi da wuyar fahimta. An buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairu, 2001, aka kafa Gidauniyar Wikimedia a 2003 domin ta riƙe na'urori da kuɗi da sunan. Gidauniyar ba ta rubuta muƙala, ba ta da editan da ke ba da umarni. Masu aikin sa-kai ne ke rubutawa, su ne kuma ke gyara wa juna. (Kalmar "'yan sa-kai" ta ɗauki wata ma'ana a Zamfara da Katsina, don haka gara a bayyana tun da wuri cewa makamin waɗannan bai wuce waya da caja ba.) Jamusawa ne suka fara kafa reshe na ƙasa a 2004. Daga baya aka sauƙaƙa hanya, aka fito da ƙananan ƙungiyoyin editoci, waɗanda ginshiƙinsu shi ne a samu aƙalla mutum uku da suka riga suka daɗe suna gyara, su amince da ƙa'idojin ɗa'a, su riƙa ba da rahoton abin da suka yi duk shekara. Najeriya ta samu tata a 2015, kuma akwai Hausa Wikimedians User Group da Gidauniyar ta amince da ita, kamar yadda Ibo da Yarabawa ke da nasu. A Gana, Dagombawan Tamale sun yi ta fama har aka buɗe Wikipedia ta harshen Dagbani a 2021. A kudancin Kaduna, ta harshen Tyap ta biyo baya a 2022.

Abin lura a nan shi ne jerin yadda abubuwa ke zuwa. Ana fara gyara, sannan a nemi amincewa. Rukunin unguwa ma ba ya buƙatar takardar kowa kafin ya fara. Yana iya zama ƙarƙashin inuwar ƙungiyar Hausa da ke akwai, ya ci moriyar ƙwarewarta. Amma al'adar da aka saba da ita ta sha bamban: a buɗe zauren WhatsApp, a zaɓi ciyaman da mataimakinsa da sakatare da ma'aji da jami'in hulɗa da jama'a, a naɗa uban ƙungiya daga cikin masu hannu da shuni, a buga riga da hula, a kai ziyarar ban-girma. Kafin a rubuta jimla ɗaya an riga an yi saɓani a kan wanda zai sa hannu a asusun banki. A Wikipedia kuwa tarihin gyaran kowa a buɗe yake, kowa na iya dubawa. Ciyaman da bai taɓa gyara waƙafi ba, duniya na gani.

Ga kuma tarko na biyu, wanda ya fi na farko haɗari domin kama da aiki yake yi. Hanyar da aka fi bi wajen jawo sababbin editoci ita ce taron yini ɗaya ko gasa ta wata guda: a tara matasa a ɗaki, a ba su data da abinci, wanda ya fi yawan muƙaloli ya samu kyauta. Gayya ce, kuma gayya ba abin rainawa ba ce; da ita aka nome gonakin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Amma manomi ya san gayya yini ɗaya ce, gona kuwa tana neman maimai, tana neman wanda zai dawo ya duba bayan makaɗa sun tafi. Idan ma'aunin nasara yawan muƙala ne, mai hankali zai ɗauki hanya mafi sauri: ya kwafo Turanci, ya zuba a injin fassara, ya liƙa. Google Translate ya fara Hausa tun Disambar 2013, kuma ita kanta Wikipedia tana da manhajar fassara a cikinta. Wanda ya saba karanta Wikipedia ta Hausa ya san irin jimlolin da wannan ke haifarwa: kalmomin na Hausa ne, ƙashin bayan na Turanci, ma'anar kuma ta faɗi a hanya.

An ga ƙarshen wannan hanya a wani wuri. A watan Agustan 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke, wanda ba ya jin harshen Scots na ƙasar Sikotilan, shi ya rubuta sama da muƙaloli 20,000 a Wikipedia ta harshen. Turanci yake rubutawa yana karkatar da haruffa, da kyakkyawar niyya, shekara da shekaru babu wanda ya tsawata, domin masu jin harshen ba sa nan. Wikipedia ta harshen Cebuano na Filifin kuwa tana da miliyoyin muƙaloli, kusan dukkansu wata manhaja ce ta wani Baswidine, Sverker Johansson, ta ƙirƙira. Lissafi ya cika, ɗaki babu kowa. Ga Hausa lamarin ya fi haka nauyi a yau, saboda Wikipedia na cikin manyan rijiyoyin da injunan fassara da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke sha. Turanci yana da tekun rubutu da zai narkar da gurɓataccen ɗigo. Hausa a intanet kududdufi ce. Gurguwar Hausar da aka liƙa yau ita injin zai koya, gobe ya mayar wa yaran makaranta a matsayin daidai. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

To, mene ne aikin da sai ɗan Ɗorayi?

Na farko tarihin ƙasar da yake takawa. Ɗorayi tana cikin gandayen sarautar Kano na ƙarni na 19, inda bayi suka yi noma, kuma an yi nazarin wannan a rubuce: Ibrahim Hamza yana da babi guda a kan bauta da zaman gandu a Ɗorayi a cikin littafin Slavery on the Frontiers of Islam, wanda Paul Lovejoy ya tace aka buga a 2004. Littafi ne na Turanci da aka buga a Amurka, kuma jikokin mutanen da yake magana a kansu ba su cika ganinsa ba. Wanda zai karanta shi, ya fahimci sunayen wuraren da ke ciki domin ta nan yake wucewa kullum, ya rubuta taƙaitaccen bayani da Hausa mai daɗi tare da ambaton shafi, ya yi abin da injin fassara ba zai taɓa yi ba. Magana ce mai zafi, babu shakka. Asalin bauta ba abin da ake ambata a zaure ba ne. Shi ya sa ma ake son mai rubutun ya zama wanda ya san inda ake taka-tsantsan, ya rubuta tsarin gandu da yadda ya gudana ba tare da ya nuna gidan kowa da yatsa ba.

Na biyu, kuma mafi gaggawa, masana'antu. Kano ta yi suna da saƙa da rini da jima tun kafin Bature. Heinrich Barth da ya iso a 1851 ya bayyana yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da gaɓar Bahar Rum. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta biyo, dalar gyaɗa ta tashi. Wannan babin an rubuta shi sosai. Babin da ya biyo baya ne ke neman ɓacewa: yadda aka keɓe Bompai, sannan Sharaɗa kashi-kashi har uku, sannan Challawa, yadda masaƙu da majemu da kamfanonin robobi, alewa, man gyaɗa da kwanukan tasa suka cika su, yadda tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira ya tsadar da kayan gyara, yadda rashin wutar lantarki da kwararowar atamfa mai arha daga Sin, musamman bayan ƙarewar yarjejeniyar ƙayyade cinikin tufafi ta duniya a farkon 2005, suka ƙarasa abin da ya rage. Sunaye irin su masaƙar Gaskiya, masaƙar Bagauda, kamfanin kekuna na Raleigh da kamfanin haɗa manyan motoci na NTM suna bakin iyaye a hira. Wasu kamfanonin sun rufe, wasu sun sauya hannu, wasu gine-ginen sun koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su daga waje, irin kayan da a da ake yi a cikinsu. Mai shekara 20 a yau yana wucewa ta gaban katangar bai san me aka taɓa yi a bayanta ba, wanda ya sani kuwa ya haura 60.

A nan ne sabon edita ke cin tuntuɓe, kuma dole reshe ya fahimci dalili kafin ya fusata. Wikipedia ba ta karɓar abin da mutum ya gani da idonsa ko ya ji daga bakin mahaifinsa. Dokarta ita ce kowace magana ta jingina da abin da aka riga aka wallafa a majiya mai inganci. Dattijon da ya yi shekara 25 a gaban injin saƙa ba majiya ba ne a wurinta. Ɗan jaridar da ya kwana biyu a Kano ya rubuta rahoto, majiya ne. Akwai rashin adalci a cikin wannan, an kuma daɗe ana muhawara a kansa a tsakanin editocin Afirka da Indiya. Duk da haka dokar tana da hujja: ita ce ke hana kowa ya rubuta cewa kakansa ne ya kafa gari. A wurin da gardamar asali da sarauta ke iya kaiwa kotu, cire wannan shinge ba alheri ba ne.

Mafita ita ce a je inda takardun suke, kuma suna kusa. Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero maƙwabciyar Ɗorayi ce. Malaman jami'ar da ɗalibanta sun yi shekaru suna nazarin masana'antun Kano da ruwan da suke zubarwa, an buga da yawa a mujallun ilimi. Akwai Gidan Ɗan Hausa, inda hukumar tarihi da al'adu ta jihar take. Akwai Gidan Mambayya a Gwammaja. A Kaduna akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Akwai tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, da New Nigerian, da Triumph da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980 tare da 'yan uwanta na Hausa, Albishir da Alfijir ta ajami. Buɗe masaƙa labari ne a lokacinsa, yajin aiki labari ne, sallamar ma'aikata labari ne. Yawancin waɗannan shafuka ba sa intanet, kuma Wikipedia ba ta ce sai majiya tana intanet ba; abin da take nema a faɗi sunan jarida da rana da shafi. Editan da ke Legas ko Landan ba zai iya hawa adaidaita-sahu ya je ya buɗe su ba. Wannan kaɗai ya isa hujjar kafa reshe.

Abin da ido ya gani ma yana da masauki. Wikimedia Commons, rumbun hotuna da sauti da aka buɗe a 2004, aikin hannun mutum yake so: hoton ƙofar masaƙar da ta rufe, hoton hawan Sallah, muryar da ke furta sunayen unguwanni yadda ake furta su. UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano a jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, kuma duk mai neman hoton da zai yi amfani da shi ba tare da biya ba, a nan yake dubawa. Taswirar OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a 2004, ita ma shaidar wanda ya taka ƙasa take fifitawa. Matasan unguwar Kibera a Nairobi sun zana unguwarsu a kanta a 2009, lokacin da taswirori ke nuna wurin kusan fili ne. Lungunan Ɗorayi Babba da Ɗorayi Ƙarama, da magudanan da ke toshewa duk damina, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Batun magudanai shi ke kai ga batun da zai gwada reshen. Ruwan da ke fita daga Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa. Na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara, inda masu lambu ke ban-ruwa da shi. Majemun zamani suna aiki da sinadarin kuromiyam, kuma nazarce-nazarcen da aka buga sun sha nuna ƙarfe masu guba a waɗannan ruwaye. Mazauna yankin suna da haƙƙin karanta wannan da harshensu, a bayyane, da ambaton wanda ya auna da shekarar da ya auna. Amma za a samu mai son mayar da muƙala takardar koke, ya ambaci sunan kamfani ya ɗora masa laifin da babu rahoton da ya tabbatar. Wannan ya saɓa wa dokar rashin ɗaukar ɓangare, wani edita zai goge, kuma a ƙasar da aka sha tsare mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, yana iya jawo wa yaro ɗan shekara 19 abin da ba zai iya ɗauka ba. Ta ɗaya gefen, za a samu mai kamfani ko ɗan siyasa da zai so a wanke shi a rubuce, ya aiko da na goro. Tun 2014 sharuɗɗan Wikimedia suka wajabta wa duk wanda aka biya ya yi gyara ya bayyana wanda ya biya shi. Reshen da ya naɗa uban ƙungiya daga cikin waɗanda zai yi rubutu a kansu ya ɗaure hannunsa da kansa.

Akwai ƙorafin da ya cancanci amsa ta gaskiya: da wane ido za a ce wa matashin da ya gama digiri babu aiki ya yi wa wata gidauniyar Amurka aiki kyauta, da datarsa, a unguwar da wuta ke zuwa in ta ga dama? Bajamushen da ke gyara bayan ya taso daga aiki yana da albashi da intanet marar yankewa. Ba daidai ba ne a yi kamar yanayin ɗaya ne. Gidauniyar tana ba da ƙananan tallafi, daga dala 500 zuwa 5,000, kuma babu abin kunya a nema domin data, kuɗin mota zuwa Kaduna da kuɗin ɗaukar hoton takardu. Matsalar tana farawa ne idan tallafin ya zama shi ne dalilin haɗuwa. A canjin naira na yau dala 5,000 kuɗi ne da ke iya raba aminai, kuma rukunin da aka kafa domin ya nemi tallafi yakan mutu ranar da aka ƙi ba shi. Kano tana da misalin akasin haka. Marubutan ƙungiyar Raina Kama, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba, sun buga littattafansu da kansu, suna tallata na juna, a lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i ba sa kallonsu. Abin da ya haɗa su rubutun ne, kuma rubutun ya riga ƙungiyar.

Magadan waɗannan marubuta suna nan, akasarinsu mata, suna rubuta dogayen labarai da babban yatsa a waya daga cikin gidajensu. Su ne suka fi kowa saurin rubuta Hausa mai gudu. Reshen da ya sa taronsa bayan Isha'i a shagon wani, ya sallame su tun kafin ya gayyace su. Ajin makarantar Islamiyya ranar Alhamis ko Juma'a da hantsi, lokacin da babu karatu, ya fi dacewa, kuma yawancin aikin a gida ake yinsa.

Sauran ƙananan abubuwa ne da ke kayar da taron farko. Wikipedia ba ta barin a buɗe sababbin asusu fiye da shida a rana daga adireshin intanet guda, don haka kowa ya buɗe nasa tun daga gida. Editoci a Najeriya da Gana sun sha tarar da an toshe adireshin layin wayarsu ba da laifinsu ba, saboda matakan da ake ɗauka kan masu ɓarna. Akwai hanyar neman a ɗage wa mutum, kuma tsofaffin editocin ƙungiyar Hausa sun san ta. Kowa ya sa allon rubutu mai ɗ da ƙ da ɓ a wayarsa, domin a kundin ilimi ba a barin mai karatu ya yi ta canke tsakanin kafa da ƙafa. A kuma yi yarjejeniya guda tun ranar farko: babu muƙalar da za ta fita sai wani ya karanta ta da ƙarfi a gaban sauran, in kunne ya ƙi ta a koma.

Mutum biyar sun isa. Wata uku na farko su tsaya a kan muƙaloli kaɗan: Ɗorayi kanta, Hawan Ɗorayi, Sharaɗa, Challawa, Bompai, rafin Salanta, masaƙa ɗaya ko biyu da aka samu takardunsu. Ɗaya ya ɗauki ɗakin karatun jami'a, ɗaya tsofaffin jaridu, ɗaya hoto. Wani kuma ya bi gidajen tsofaffin ma'aikata, domin a cikin adakoki akwai hotunan ranar buɗe kamfani da na ƙungiyar ƙwallon ma'aikata da na layin injuna, a naɗe cikin leda. Kafin a ɗora ko ɗaya, sai an gano wanda ya ɗauki hoton, domin haƙƙin mallaka nasa ne ko na magadansa, sannan a bayyana wa mai gidan dalla-dalla cewa lasisin Commons yana ba kowa a duniya damar amfani da hoton, har a kasuwanci, kuma ba a janye shi bayan an bayar. Wasu za su ƙi, sai a gode musu, a nemi izinin rubuta sunan kamfanin da shekarar da ke bayan hoton, a tafi da su ɗakin karatu a nemi jaridar wannan makon.